Babbaƙu, Farfaru da Boko: Tarihin Koya wa Yara Karatu a Ƙasar Gusau

Duk wanda ya biyo hanyar Funtuwa zuwa Gusau da sassafe zai wuce Tsafe, ya wuce 'Yandoto, kafin dutsen Kwatarkwashi ya tsaya masa a gaba. In direba ya rage gudu a cikin gari, akwai wata ƙara da ke shigowa ta tagar mota: muryoyin yara daga zauruka, kowa na rera nasa allon, ba mai jiran wani. Haka abin yake a Mada da Wonaka da Ruwan Ɓore, haka kuma yake a Bungudu in an zarce yamma. A yau in ana lissafa jihohin da aka bari a baya wajen ilimin boko, ba a rasa Zamfara a ciki. Amma ƙasar nan ta daɗe ƙwarai tana koya wa ƙananan yara karatu, kuma tana da tsarinta na yin haka tun kafin a kafa garin Gusau kansa.

Kafin jihadi, 'Yandoto tana cikin yankin da ake kira Katsina Laka, ƙarƙashin sarakunan Katsina. Gari ne na malamai, a kan hanyar fatake, kuma ɗalibai na zuwa daga nesa su zauna ɗaukar karatu. Da jihadi ya taso, akasarin malaman garin ba su bi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba, har Muhammadu Bello ya ci garin da yaƙi wajen 1806. Daga baya Shehu Laminu na Barno ya zargi masu jihadi da wulaƙanta littattafai. Bello ya ba shi amsa a cikin Infaƙul Maisuri, ya ba da labarin yadda ya tarar da takardu a warwatse bayan an ci wani gari, ya duƙa yana tsince su da hannunsa. Masana tarihi da dama na ganin 'Yandoto yake nufi. Garin da ya tara takardu masu yawa haka, a zamanin da kowane shafi da hannu ake kwafarsa, tabbas ya tara masu karatu, kuma kowannensu da allo ya fara.

Daga wannan yankin Malam Sambo ɗan Ashafa ya fito ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19, shi ya sa har gobe ake ce wa sarkin garin Sarkin Katsinan Gusau, na Tsafe kuma 'Yandoton Tsafe. Shi kansa Shehu Usmanu ya yi kamar shekara biyar yana yawon wa'azi a ƙasar Zamfara a ƙarshen shekarun 1780, ya zauna a Faru. Mata na halartar majalisinsa, har wasu malamai suka soke shi a kan haka. Bai janye ba. A cikin Nurul Albabi ma ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da ɗaliban waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta mai da wannan magana aiki: ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajoji mata masu ɗauko karatu daga wurinta cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, su kai wa mata da 'yan mata a ƙauyuka.

Yadda ake koyar da yaro a makarantar allo abu ne da ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau, domin mutane da yawa sun bi ta ciki ba tare da sun lura da hikimarsa ba. Yaro ɗan shekara biyar ko shida, wato kolo, ba ya fara taɓa harafi. Da kunne yake farawa. Ana biya masa Fatiha da Nasi da Falaƙi da ƙananan surori da ka, har bakinsa ya saba. Sai malam ya ɗauki alƙalamin kara, ya tsoma a tawadar da aka haɗa da ƙaro, ya rubuta masa babbaƙu a allo, wato haruffa tsirara ba wasali. Yaro zai ɗora yatsa a kan kowane harafi ya kira sunansa.

Sunayen nan kuwa malaman Hausa ne suka raɗa su, kuma sun raɗa su ne da idon yaro. Akwai ba guje da ta guje, akwai ɗa mai hannu saboda sandar da ke tsaye a kansa, akwai ha mai ruwa saboda ɗigon da ke bisansa. Harafi ɗaya yakan sami suna biyu gwargwadon inda ya faɗo a kalma: lam jaye dabam, lam ara dabam, mim jaye dabam, mim ara dabam, ha babba dabam, ha kuri dabam. Yaron da ke kiran sunan, siffar harafin yake faɗa da harshen da ya tashi da shi.

In babbaƙu sun zauna, sai a shiga farfaru. A nan ake koya masa wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a da ɗauri da shadda, ya ga yadda harafi ɗaya ke zama ba, ya zama bi, ya zama bu. Daga nan ya fara haɗa gaɓa da gaɓa, yana tattashiya a hankali, har ya kai ga karanta kalma a dunƙule. Surorin da yake haɗawa ɗin su ne waɗanda ya riga ya haddace, saboda haka kunnensa na gyara wa idonsa kuskure. Ba a wanke allo sai yaro ya zo gaban malam ko gardi ya biya shi kaɗai, an ji ya iya. Wanda bai iya ba ya koma ya maimaita, ko da abokinsa ya wuce shi da sura uku. Ranar da ya fara rubuta allonsa da kansa, ranar ce gida ke sanin ya yi nisa. Ana yin sadaka in ya kai wasu surori, iyaye na aika kuɗin Laraba, Alhamis da Juma'a kuma hutu ne, har ranar sauka in an kammala izu 60.

Wannan tsani shi ya haifar da masu ajami. Wanda ya iya farfaru, da ɗan ƙarin koyo zai rubuta wasiƙa da Hausa, ya ajiye lissafin bashi, ya karanta waƙoƙin wa'azi. Sai dai tsarin na da nasa gibin. Yara da yawa sun iya furta Larabci tsaf ba su san ma'anarsa ba, domin fassara sai a makarantar ilimi, wadda ba kowa ke kaiwa ba. 'Yan mata kan bar allo da wuri saboda aure, yara maza kuma damina na janye su gona. Bulala ma ta kori wasu tun ba su kai ko'ina ba.

Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Da farko da Larabci da ajami suke mu'amala da sarakuna, amma ba a jima ba suka zaɓi a rubuta Hausa da haruffan Rumawa. Hans Vischer, wanda Hausawa suka raɗa wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, kuma a 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa da boko. A makarantun elementare na En'e da Hausa ake koyar da komai, Turanci sai an je midil. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna a rubutu ne a shekarun 1930.

A ƙauyukan Lardin Sakkwato ba a karɓi sabuwar makaranta da hannu biyu ba. Akan yanka wa hakimi adadin yaran da zai kawo, shi kuma ya yanka wa dagatai. Iyaye kan ɓoye 'ya'yansu a rumbu ko su tura su wurin dangi, wasu masu hali kuma su ba da ɗan bara ko maraya a madadin nasu. Almajirai har waƙoƙin zambo suke yi wa 'yan boko. Dalilin a fili yake: makaranta ce ta waɗanda suka ci ƙasar da bindiga, kuma ana tsoron ta raba yaro da addininsa.

Abin da ya fara sassauta wannan ƙiyayya a ƙasar Gusau shi ne ciniki. Layin dogo daga Zariya ya biyo ta Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, garin ya cika da kamfanonin sayen gyaɗa da auduga, aka kafa injin gurzar auduga, baƙi daga kudu suka cika Sabon Gari. Manomin da ya ɗauko audugarsa daga Wonaka ko Mada a kan jaki sai ya tsaya gaban sikeli, malamin awo ya rubuta abin da ya ga dama a takarda, shi kuwa ba shi da ikon dubawa. Takardar haraji da boko take, tikitin jirgi da boko, sammacin kotu ma haka. Gidan da ke da yaro ɗaya mai karanta boko ya fi ƙarfin a cuce shi a fili.

Sai kuma aka samar wa yara abin da za su karanta. Hukumar Fassara, wadda ta koma Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙaga labarai a 1933, inda aka sami Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce musamman domin 'yan makaranta, littafi uku da suka fito a ƙarshen shekarun 1930, kuma shi ya zama editan Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Janairun 1939. Ga ƙananan yara kuma akwai jerin Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu, waɗanda suka daɗe a hannun 'yan firamare. Dattawan da suka yi elementare a wancan zamani har yanzu suna tuna yadda ake rera ba, be, bi, bo, bu a aji ɗaya. Wanda ya fito daga makarantar allo bai ga baƙon abu ba a nan, farfaru ne aka sauya wa haruffa, aka juya su daga hagu zuwa dama. Abin da ya ƙaru shi ne, da ya haɗa gaɓoɓin sai kalmar da ya sani ta fito, ya ji ma'anarta nan take.

Malaman da ke wannan aiki a Lardin Sakkwato, da yawansu a Maru aka horar da su, maƙwabciyar Bungudu. A kwalejin horon malamai ta Maru ne Malam Aminu Kano ya yi aikinsa na ƙarshe na koyarwa, kafin ya ajiye a 1950 ya shiga siyasa gadan-gadan. Yana cikin waɗanda suka dage cewa ilimin addini da na zamani za su iya zama a aji ɗaya, ra'ayin da ya taimaka wajen yaɗuwar makarantun Islamiyya daga baya.

A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, Malam Ahmadu Kumasi na cikin jagororinsa. Aka buɗe azuzuwan manya a ƙauyuka, magidanta na zama da yamma a gindin itace ko a zauren mai gari suna koyon a, ba, ca. Hukumar NORLA ta buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna: Zaruma ta Lardin Sakkwato, Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, Bazazzaga ta Zazzau. Amfanin wannan ga yara ba ƙarami ba ne. Yaron da ya ga ubansa na fama da fensir da daddare, ya ji ana karanta jarida a dandali mutane na sauraro, ba sai an yi masa wa'azin amfanin karatu ba.

Babban sauyi ya zo a watan Satumba na 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Ƙauyuka da yawa na ƙasar Gusau a lokacin suka fara ganin ginin makaranta, kuma wannan ci gaba ne na gaske. Amma an samar da malamai cikin gaggawa, wasu da horon 'yan watanni, kuma da kuɗin man fetur ya ja baya a farkon shekarun 1980, littattafai suka ɓace daga aji, albashi ya riƙa makara. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yara da harshen uwa ko na yankinsu a shekarun farko, sai dai a aikace makarantu da dama sun ɗauka cewa fara Turanci da wuri shi ne wayewa.

Abin da ya biyo baya sananne ne ga duk wanda ya leƙa ajin ƙauye. Malami ya rubuta jimlar Turanci a allon bango, ya faɗa, yara fiye da yadda aji zai ɗauka su amsa baki ɗaya. Na baya ba ya hango allon. Babu littafi a hannun kowa, babu mai kiran yaro shi kaɗai ya ji ko ya iya. Ƙarshen shekara kowa ya wuce aji na gaba. An ɗauki rerawar makarantar allo, an bar babbaƙu da farfaru da biyawa gaban malam. Zamfara ta zama jiha ranar 1 ga Oktoba 1996 da wannan gado a hannunta, kuma shirin ilimin bai-ɗaya, wato UBE, da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999 ya fi ƙarfi wajen gine-gine da shigar da yara fiye da abin da ke faruwa cikin aji.

Sai da aka zo ana gwada yara ɗaya bayan ɗaya girman matsalar ya fito. Gwajin mai sauƙi ne: a ba yaro takarda mai haruffa, sannan gaɓoɓi, sannan ɗan gajeren labari, a ba shi minti ɗaya a kowanne, a ƙirga abin da ya karanta daidai. Da aka yi shi a jihohin Sakkwato da Bauchi a 2013, mafi yawan yaran aji biyu da aji uku ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa ba. Matsalar ba ta Arewa kaɗai ba ce. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ba sa iya karanta ɗan rubutu mai sauƙi su fahimce shi.

Daga nan aka sami sababbin shirye-shirye. A Sakkwato da Bauchi an yi Mu Karanta da tallafin Amurka. A Zamfara da Katsina kuma, daga 2015, an yi shirin RANA ƙarƙashin aikin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF, da kuɗin gwamnatin Birtaniya, ƙungiyar FHI 360 na gudanarwa. Shirin ya shafi aji ɗaya zuwa uku, da Hausa, kuma ya haɗa da makarantun Alƙur'ani da aka sa wa darussan boko. Kowane yaro da littafinsa, malami da jagoran darasi, ga masu zagayawa suna duba yadda ake koyarwa. Darasin kan fara da sautin harafi, a haɗa n da a su ba da na, a haɗa na da na su ba da Nana, sai jimla, sai labari da tambayoyi a kansa. Malami ya yi, su yi tare, sannan yaro ya yi shi kaɗai. Alaramman da ya zauna a bayan irin wannan aji zai gane kowane mataki, domin nasa ne. Ƙarin da aka yi shi ne tambayar ma'ana tun daga makon farko, abin da tsohon tsari ya jinkirta.

Akwai wani ɗan tsaiko da malamin Zamfara ya sani. Littattafan da daidaitacciyar Hausa aka rubuta su, yaron Wonaka kuwa tahi yake cewa inda littafi ya rubuta tafi, biyat inda aka rubuta biyar. Malamin da ya fahimci aikinsa ba ya yi wa yaro tsawa a kan harshen gidansu, yakan nuna masa cewa ga yadda ake faɗa, ga kuma yadda ake rubutawa.

Duk wannan ya zo ne daidai lokacin da tsaro ya taɓarɓare. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka a Tsafe da Bungudu da karkarar Gusau, malamai da yawa suka daina kwana a wuraren aikinsu. An sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe ranar 26 ga Fabrairu 2021, a watan Satumba na shekarar kuma aka sace ɗalibai a Kaya ta Maradun, gwamnati ta rufe makarantu, aka katse layukan waya a jihar. Ga ɗan aji ɗaya, wata shida a gida ya isa ya shafe haruffan da ya fara riƙewa. Yaran da aka gudo da su cikin Gusau da Tsafe sun ƙara cunkoso a azuzuwan da dama cike suke. Makarantar allo ta fi jure wannan, domin malam na iya ɗaukar alluna ya bi jama'arsa duk inda suka sauka.

A watan Nuwamba na 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, aka shiga gyaran makarantu. Jihar na da Kwalejin Ilimi a Maru, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta mata a Gusau, da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, kuma daga waɗannan ne malaman aji ɗaya na Wonaka da Mada da Kwatarkwashi za su fito. Shirye-shiryen da ake yi da kuɗin waje suna da wa'adi, littattafansu kuma na yagewa cikin shekara biyu ko uku. Sake buga su, da horar da sababbin malamai a kan koyar da sauti da gaɓa, da tabbatar da cewa an saurari kowane ɗan aji biyu yana karatu shi kaɗai kafin a wuce da shi gaba, aiki ne da ya rage a wuyan hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar da ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Bungudu.